Masu jego a zahin ga na Sakkwato, ya kuka yi da maganar ruwa da kunun kanwa?

Maman Abba:
Assalamu alaikum iyaye da yayye, don Allah shawara nika nema. Na haihu sati ukku ke nan, haihuwar fari, an samu namiji, yanzu ina gidanmu Mabera wurin wanka. To kun dai san zahin Sakkwato cikin watan Afrilu, ga wuta ba ta zama, da dare ɗaki awa tanda, yaro ya yi ta kuka yana gumi. Inna da Gwaggo sun ce ƙishirwa ce, a ɗiga mai ruwa ko cokali guda, wai mu duka haka anka yi muna kuma ga mu nan da ranmu. Ni ko wurin awo sun ja muna kunne sosai, nono zalla har wata shidda, ko ɗigon ruwa kar a ba shi. Wallahi na rasa wa zan bi, in na hana a ce boko ya ɓata ni, in na bari hankalina ba ya kwanciya.

Sannan ni kaina, ana min wanka sahe da marece da ganyen dogon yaro, ruwan yana tururi, ga kunun kanwa kofi cike kullum. Ƙafafuna tun cikin yana wata takwas sunka kumbura har yau ba su sace ba, kuma kwana biyun ga in na kwanta numfashi yana min wuya sai na tara filo, ga ciwon kai. Gwaggo ta ce ɗanyen jiki ne, wankan ne bai shige ni ba, a ƙara ma ruwan wuta. Haka ne?

Hajiyar Gawon Nama:
Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da sauka lahiya, Allah shi raya muna shi bisa sunna. Ki bi iyayenki sannu, ba maƙiyanki ba ne. Wankan jego ba wasa ba ne, shi ka gasa jiki mace ta koma daidai, mu ganyen runhu anka yi muna da shi, kwana arba'in cur, ba ka ɗaukar ko tsintsiya sai ci da barci da ba yaro mama, a kawo miki kauri da yajin jego da tuwon dawa da man shanu. Yaran yanzu sati biyu sun koma wurin aiki, sa'annan a yi ta kukan ciwon baya. Amma gaskiya ruwan da za shi saɓule hwata ba shi ne wanka ba, a surka shi yadda hannu ka iya zama ciki. Ruwan yaro ko, ni ban ga aibin cokali guda ba cikin wanga zahi, babba ma ya ya ƙare balle jinjiri.

Anti Nas:
Maman Abba ajiye maganar ruwan yaro tukuna, taki ta fi gaggawa. Kumburin ƙafa da bai sace ba bayan haihuwa, ga ciwon kai, ga numfashi sai kin tara filo, wannan ba ɗanyen jiki ba ne sai an duba an tabbatar. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki sa a kai ki asibiti a auna jininki a saurari ƙirjinki, kar a tsaya kemis. Mutane sun ɗauka hawan jinin ciki yana tafiya da an haihu, alhali yana iya tasowa ko ya tsananta har sati shida bayan haihuwa, shi ne za ki ji an ce mai jego ta faɗi tana jijjiga. Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego, zuciyar ce ke raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata sai ruwa ya taru a ƙafa da huhu, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na nan Sakkwato aka buga a 2007 ya samu kusan mace 1 cikin haihuwa 100. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da kanwa da gashin jego, binciken baya-bayan nan kuma bai ɗora laifin kacokan a kansu ba, ya fi nuna rama da hawan jinin ciki. Amma abin da ba musu a kai, kanwa gishiri ce, sinadarin sodiyam ne cike da ita irin wanda ke cikin gishirin miya, tana riƙe ruwa a jiki. Mace mai kumburi ana ɗura mata kofi guda kullum, ai ƙara mata ake yi. Ki dakatar da kunun kanwa daga yanzu, wankan ma a yi da ruwa mai ɗumi kawai har likita ya gan ki.

Hajiya ki yi haƙuri, kin yi gaskiya kan hutu da abinci, da ma duk mai jego za ta samu wannan gatan, amma a cokalin ruwan nan zan saɓa miki. Nonon uwa sama da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, wanda ke fara zubowa in yaro ya kama ma ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kaurin yana biyo baya. Cikin jinjiri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ja baya, sai a ce ai uwar ba ta da nono a koma madarar gwangwani. Kuma ruwan wane? Na 'yan garuwa da ba mu san jarkar da aka zuba shi ba, ko na randa da kowa ke tsoma moɗa? Zawo a ɗan sati uku cikin wannan zafin ba ƙaramin abu ba ne. In yana jin ƙishi a ƙara ba shi mama, ko sau nawa ya nema, dare da rana. Yadda za ki gane yana ƙoshi, ki lura da fitsari, in yana jiƙa nafkin kamar sau shida ko fiye a yini da kwana kuma fitsarin ba ja ba, to lafiya lau. In kin ga maɗigarsa ta faɗa, ko ya ƙi kama mama, ko jiki ya yi zafi rau, ko ido ya yi ɗorawa, asibiti kai tsaye.

'Yar Runjin Sambo:
Yaya ki ji maganar Anti wallahi. Ni dabarar da ta yi min aiki da surukata, ban taɓa ce mata a'a ba, duk sanda ta miƙo ruwa sai in karɓa in shanye in ce Inna bari in sha ya sauko mai ta mama, tun tana harara har ta koma ita ka cika min jug da kanta. Kuma da gaske ne ke ce mai buƙatar ruwan, ki aje shi kusa duk zaman shayarwa ki sha. Kunun gyaɗa, fura da nono, kwaɗon zogale, farfesu, duk sun wadatar ba sai an sa kanwa ba. Sannan ku rage mai kaya don Allah, za ka ga jinjiri cikin Afrilu an sa mai hula da safa da riga ukku an naɗe da tawul wai kar sanyi ya kama shi, wane sanyi a Sakkwato? 'Yar shimi ta auduga guda ta isa, da rana a goge mai jiki da tsumma mai laushi, da dare cikin gidan sauro. Wani abu kuma tunda gida kike, ki sa ido kan zuma, tsohhi na son lasa ma yaro, ita ko ba a ba ɗan ƙasa da shekara guda saboda wata ƙwayar cuta da ka iya zama ciki wadda hanjin jinjiri bai iya yaƙi da ita.

Hajiyar Gawon Nama:
To ni dai na ji, zamani riga. Amma maganar numfashin ga ta tsorata ni, ban lura da ita ba sai da nas ta hwaɗi. Ɗiyata tashi ki tahi, ki ce ma Gwaggonki Hajiya ta ce ta raka ki da ƙahwarta ta ji da kunnenta, in likita ya hwaɗa gabanta ba ta sake cewa a ƙara wuta.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Baban Abba ya zo ya kai mu da Gwaggo, jinin ya hau sosai, sun riƙe ni sun ba ni magani sun ce za a yi hoton zuciya, kuma an hana kanwa an ce a rage gishiri da magi. Gwaggo tun cikin Keke ba ta ce uffan ba, amma ita ta riƙe Abba har anka gama. Anti maganin hawan jinin ga ba shi taɓa yaro ta nono? Kuma wuyanshi ya yi ƙananan ƙuraje ja, Inna ta ce a shafa hoda.

Anti Nas:
Alhamdu lillah da kika je. Akwai magungunan hawan jini da ake ba masu shayarwa ba matsala, tunda sun san kina shayarwa ki sha yadda aka rubuta, kar ki daina don kin ji sauƙi, kuma kar ki fasa hoton. Ƙurajen in ƙanana ne ba ruwa ba ƙaba a ciki to na zafi ne, ki bar wurin a buɗe ya sha iska, ki riƙa goge gumin lungun wuyan, hodar a bar ta don yana shaƙar ta. In sun fara ɗurar ruwa ki nuna musu tunda kina can. Katin rigakafinsa yana hannunki ko? Na sati shida ya kusa, ranar ki tafi da naki katin a sake auna ki.