Wai kalmar "leak" ta Ingilishi, yoyo ce ko fallasa?

Mai Gyaran Injin Ban-ruwa, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ni Faransanci na yi a makaranta, Ingilishi kuwa sai ɗan abin da na tsinta a bakin 'yan Mubi da Yola da muke sayen kaya a wurinsu. Injinan ban-ruwa da suke kawo mana takardunsu da Ingilishi suke zuwa, kuma da wuya ka buɗe shafi ba ka ga "leak" ba. Na ɗauka yoyo ne, abin da muke kira "fuite". To jiya sai ga ɗana yana cewa wai muryar wani babban mutum ta yi "leak" a WhatsApp. Murya kuma ta yaya za ta yi yoyo? Kalma ɗaya ce, ko biyu ne suka yi kama?

Malamar Ingilishi, Marwa:
Wa alaikumus salam, Baba. Ɗaya ce, kuma fahimtarka ta farko daidai take. Abin da ya sa take rikita mu shi ne Hausa ta rarraba aikin. Mukan ce rufin ɗaki yana yoyo, mai yana tsiyaya daga inji, famfo yana ɗiga, taya ta sace. Bature kuwa da wannan kalma ɗaya yake faɗinsu duka. Tankin da ya huje ya ce "it leaks", ruwan da ke fita shi ma haka, kafar da ruwan ke bi kuma sunanta "a leak". In a takardar injinka ka ga "check for leaks", cewa ake ka duba ko akwai inda mai ko ruwa ke zuba.

Ta ɗanka kuwa ita ce wadda 'yan jaridar Hausa ke cewa an kwarmata, ko an fallasa. Amma akwai bambancin da nake yawan nanata wa ɗalibaina. Tanki ba ya yoyo da niyya. Sirri kuwa galibi wani na ciki ne, wanda aka amince wa, yake fitar da shi da gangan, ya kuma ɓoye sunansa. Shi ya sa za ka ji an ce wane "leaked" takarda kaza, wato shi ya tsegunta ta. Daga nan shafin WikiLeaks na Julian Assange ya samo sunansa. A 2010 suka fara sakin wasiƙun sirri na ofisoshin jakadancin Amurka sama da 250,000, kuma wani ne daga cikin sojojin Amurka ya miƙa musu. A ganina 'yan jarida suna son kalmar ne don tana rufa wa mai laifin asiri: sai a ce magana ta fita, kamar ita ta fitar da kanta.

Direban Tirela, Ngaundere zuwa Njamena:
Maigida, ai kalmar ta daɗe da shigowa Hausar kanikawan Najeriya. In ka tsaya gareji a Yola za ka ji "injin nan yana likin". Kada dai ka haɗa ta da liƙi namu, don shi liƙi maganin likin ne! Wani abu kuma da ya shafe ku mutanen Garwa: in aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo aka saki ruwa, kamar a 2012 da 2022 da ambaliya ta yi ɓarna a Najeriya, jaridunsu "release" suke rubutawa, don da sani aka buɗe. Ranar da ka ga sun sa "leak" a kan madatsa, to jikinta ne ya tsage, wannan kuwa Allah ya kiyaye. Sannan in Bature ya ce maka zai je ya "take a leak", fitsari zai yi. Maganar tasha ce, kada ka faɗe ta gaban surukai.

Uban 'Yan Makaranta, Kusiri:
Malama kin manta da wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, ta jarrabawa. In tambayoyi suka fita kafin ranar zama, shi ma "leak" ne. Yaranmu na nan Kamaru "l'eau" suke ce masa, ruwa ke nan, 'yan Najeriya su ce "expo". A 2020 sai da aka sake rubuta wasu darussan kimiyya na Bak, jarrabawar kammala sakandare, saboda haka, yaran da suka yi karatu tsakani da Allah suka sha wahala a banza. Kuma ba ɗalibi ne ke ajiye takardun nan ba.

Mai Gyaran Injin Ban-ruwa, Garwa:
Allah ya saka da alheri, na gane. Saura ɗaya, Malama. A jikin wata jarka na ga "leak-proof". Gargaɗi ne?

Malamar Ingilishi, Marwa:
A'a Baba, talla ce, suna nufin ba ta yoyo. Wadda za ka ɗauka da muhimmanci ita ce "gas leak" a jikin tukunyar gas. In ka ji warin nan, kada ka kunna ashana ko makunnin lantarki. Ka rufe tukunyar, ka buɗe tagogi, sannan ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ne kafar take.