Sabar tana daskarewa, wai "No buffer space available"

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin FreeBSD (tsarin aikin kwamfuta mai kama da Linux) ku taimaka min, abin nan ya isheni wallahi.

Ina da saba da ke riƙe fayiloli, komai lafiya lau har sai an fara tura manyan fayiloli da yawa lokaci ɗaya, sai kawai netwok ɗin ya ɗauke ɗif, SSH (hanyar da nake shiga injin daga nesa) ya yanke, amma injin kansa yana nan da rai, in na je gabansa na saka kibod yana amsawa. Ko ping (gwajin ko saƙo na isa) na yi zuwa rauta sai ya ce min "sendto: No buffer space available". In na yi ifconfig down sannan up (wato na kashe katin netwok ɗin na sake kunna shi) sai ya dawo, anjima kuma ya sake.

Na farko na zaci mbuf (ƙananan ma'ajiyoyin da tsarin ke riƙe bayanan netwok a ciki) ne suka ƙare, na ƙara kern.ipc.nmbclusters a /boot/loader.conf na sake kunnawa, to amma netstat -m (umarnin da ke nuna yadda ake amfani da mbuf) bai nuna ko buƙata ɗaya da aka hana ba, sifili ne, kuma RAM ɗin ko rabi bai ci ba, shi ne abin da ya fi ɗaure min kai. Na canza wayar netwok, na canza rami a suwic, na kashe TSO da LRO (dabarun da ke rage wa CPU aikin sarrafa fakitin bayanai), duk a banza.

Ni dai zargina yanzu layin fitar da fakiti na katin ne ke cika ya maƙale, don wani sa'in ina ganin "watchdog timeout" a dmesg (saƙonnin da tsarin ke fitarwa). Direba (manhajar da ke sarrafa katin) ne ko katin ne ya gaji? Kuma me zan duba daidai lokacin da ya daskare, kafin in taɓa ifconfig?