Muhawara: Mai fili yana da ikon tare hanyar bakin teku?

Malam Sani: Ni dai ra'ayina bai canza ba. Teku ba gonar kowa ba ce, don haka mai fili a gaɓarta ba shi da hurumin hana mutane wucewa, balle ya karɓi kuɗinsu. Ku dubi Durdle Door a Dorset ta Ingila, dutsen nan da ruwa ya huda ya zama kamar ƙofa tsaye a cikin teku. A 2001 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gaɓar cikin wuraren gado na duniya, amma filin na iyalan Weld ne, waɗanda ke riƙe da yankin Lulworth tun 1641. An ce na duniya ne, ga shi a hannun gida ɗaya.

Hajiya Binta: Malam, a yi wa masu filin adalci. Ba a biyan kuɗin shiga wurin. In ka biyo hanyar ƙafa ta South West Coast Path, mai tsawon mil 630, babu mai tambayarka ko sisi. Na ajiye mota kawai ake karɓa.

Aminu: Hajiya, ai duk ɗaya ne. Yawancin masu zuwa da mota suke zuwa, to kuɗin ajiye mota ya zama kuɗin ƙofa ke nan.

Hajiya Binta: To wa kake so ya kwashe sharar, ya gyara matakalar da ake bi a gangara zuwa ruwan? Ka tuna ƙarshen Mayun 2020, da aka sassauta kullen korona. Dubban mutane suka yi dafifi, wasu suka hau saman dutsen suna dira cikin ruwa, uku suka ji mummunan rauni. Sai da aka tattara jama'a wuri guda, kafaɗa da kafaɗa, ana tsakiyar annoba, don jirage masu saukar ungulu su sami wurin sauka a kan rairayi. Da yamma kowa ya kama gabansa, aka bar masu wurin da tulin ledoji da kwalabe.

Usman: Maganarki tana kan hanya, Hajiya, amma kin ɗauko mai fili mai sauƙin kai. Ga na Kalifoniya. A 2008 attajiri Vinod Khosla ya sayi filin Martins Beach kan dala miliyan 32.5. Masu wurin na da suna barin mutane su shiga, su biya na mota. Shi kuwa ya garƙame ƙofa. A dokar jihar, rairayin da ruwa ke rufewa in teku ta cika na jama'a ne, sai dai hanyar zuwa can ta cikin filinsa ta bi. Kotu ta ce dokar gaɓar teku ta 1976 ba ta ba shi damar rufewa ba sai da izinin hukuma, a 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙararsa. Shekaru aka kwashe ana shari'a a kan ƙofa guda. Hanyar da kake bi da yardar wani aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Malam Sani: Madalla, Usman. Shi ya sa Sikotilan ta yi doka a 2003, kowa ya ratsa fili muddin bai yi ɓarna ba.

Hajiya Binta: Ita ma Ingila ta yi tata a 2009 don a zagaye gaɓarta da hanyar ƙafa, amma ta ware gidaje da lambunan mutane. Ka ga ko doka ba ta ce mai fili ya zama baƙo a gidansa ba.

Aminu: Gwamnati ta karɓe wuraren kawai a huta.

Hajiya Binta: Ɗana, gabas da Lulworth kaɗan filin atisayen sojoji ne, na gwamnati. A 1943 aka kwashe mutanen ƙauyen Tyneham saboda yaƙi, har yau ba su koma ba. Hanyar gaɓar can sai ƙarshen mako da lokutan hutu ake buɗe ta. Durdle Door kuwa ko ranar Talata ka je za ka shiga.

Malam Sani: Wannan ƙorafi ne a kan sojoji, Hajiya. Tambayar Usman tana nan: in magajin Weld ya sayar wa irin Khosla, me zai hana shi rufe wurin ajiye motar?