Wai me za mu kira Nutri-Score da Hausa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, ina kwananku. Wata ƴar matsala ce ta kawo ni. Goggonmu ta dawo daga Faransa ta kawo ma yara tsaraba, su biskit da wani garin kunu na kwali, to a gaban kowane kwali akwai wani ɗan zane mai gida biyar, A B C D E, ya faro daga tsanwa shar ya ƙare a ruwan goro mai duhu kusan ja, kuma harafi ɗaya ya fi sauran girma. A sama an rubuta Nutri-Score. Goggo ta ce can haka suke duba kaya a butik kafin su saya. Ni kuma ran Lahadi ina da ɗan fili a rediyo kan ciwon suga da hawan jini kuma ina so in taɓo maganar, amma in na ce Nutri-Score tsohuwar da ke saurare daga Mirriya ko Magarya ba abin da za ta ɗauka. Abin da ya fara zo mini shi ne "ma'aunin lafiyar abinci", sai dai ya cika mini baki. Ku taimaka.

Malamin Lakol:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a raɗa ma yaro suna ai sai an ga ko mace ce ko namiji. Abin nan Faransa ta fara aiki da shi a 2017, wani likita Serge Hercberg da mutanensa suka tsara shi bisa wani lissafi da aka fara yi a Ingila, daga baya Beljiyam da Jamus da Holan da wasu suka ɗauka, Italiya kuwa ta ce sam ba ta yarda ba saboda cukunta da naman da take busarwa. Yadda ake yi, a ɗauki garam 100 na abincin a duba ƙarfin da yake ba jiki da sukari da gishiri da daskararren maiƙo, waɗannan su ke ja ma shi ƙasa, sannan a duba furotin da dusa-dusar nan mai gyara ciki da kuma ganye da ƴaƴan itace da dangin wake da ke ciki, waɗannan su ke ɗaga shi. A haɗa a debe a fitar da harafi. Kenan gyaran takardar jarrabawa ne sak irin wanda nake yi kowane wata. Ni "makin abinci" zan ce.

Mai Shago Kasuwar Dole:
Malam Allah ya ƙara sani, amma maki ai na ƴan boko ne, ko yaranku ma not suke cewa. Mu a kasuwa awo muka sani. A ce "awon cimaka" kowa ya gane.

Yar Zongo:
Alhaji ka yi haƙuri amma awon cimaka ba zai yi ba wlh. Kai da kanka in mace ta zo gabanka ta ce ta zo awon cimaka ai tiya za ka jawo ka fara zuba mata hatsi. Mu kuma a asibiti in aka ce awo, ko awon ciki ko awon yara. Kalmar ta riga ta yi kaya da yawa kar a ƙara mata.
Amma ƙanena ka lura da wani abu, launukan nan ba baƙi ba ne ga matanmu. Igiyar da ake zagaya damtsen yaro da ita don a gane tamowa ai tsanwa da rawaya da ja gare ta, ƙasa da milimita 115 ja ne, kuma a yankin Mirriya uwaye da kansu aka koya ma aunawa a gida. In ka ce musu kamar igiyar damtse ne amma ta kwalin abinci, tsanwa a ci hankali kwance ja a yi hattara, ba sai ka ɓata bakinka kan A da E ba, da yawansu ma ba su karanta boko.

Autan Fada:
Ku ce "bakan gizon abinci" kawai a wuce gurin 😂 ko "fitilar hanya". Ni abin da nake so in sani shayinmu na fada harafi nawa zai ci, don sukarin da muke zubawa a barradu ɗaya ko Z ba ta ishe shi ba

Malamin Lakol:
Auta kai dai Allah ya shirye ka. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babba kada ya wuce kamar garam 50 na sukarin ƙari a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi, gishiri kuma ƙasa da garam 5, ƙaramin cokali guda kenan har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Gwangwanin lemu ɗaya sukarinsa ya kai wajen garam 35. A tsarin nasu cikin abin sha ruwa ne kaɗai ke samun A. Sai ka yi lissafin shayinka da kanka, zagaye uku.

Yar Zongo:
Ni kalmar "lafiya" ce ma ba na so ta shiga sunan, kuma ga dalilina. Na farko mutanenmu in suka ji an ce abu na lafiya ne sai su ɗauke shi magani, ka ga mai ciwon suga ya sayi kwalin A ya cinye shi tas a zama ɗaya yana cewa ai an rubuta. Na biyu wannan abin an yi shi ne don mutanen da cin ya yi musu yawa. Mu nan matsala biyu gare mu a gida guda, mai gida na fama da hawan jini jikansa na fama da tamowa. Ƙullin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa, garam 92 ne amma ƙarfinsa kalori 500, mai ne da sukari da madara, da gangan aka yi shi haka, kuma su ma masu tsarin ba su sa shi cikin lissafinsu ba, haka abincin jarirai. To in ka kafa a rediyo cewa mai da sukari su ne rashin lafiya uwa ta ji ta ƙi ba yaronta fa? Shi ya sa na fi son sunan da bai yanke hukunci ba.

Mai Shago Kasuwar Dole:
Hajiya gaskiyarki, na janye awo. Amma ni garam 100 ɗin nan ne bai kwanta mini ba. Wa ke shan garam 100 na man gyaɗa? Cokali biyu ake sa ma miya a ci gida duka. Fura kuwa mutum sai ya sha kwano guda.

Malamin Lakol:
Wannan ƙorafin Alhaji shi ne su ma can suka daɗe suna yi, har da aka gyara lissafin a 2023 man zaitun ya tashi daga C ya koma B. Su kansu cewa suke a gwada abu da ɗan uwansa, biskit da biskit, yawur da yawur, kar a gwada mai da ruwa. Kuma ba dole ba ne, kamfanin da ya so shi ke bugawa, sannan na kayan kwali da leda ne, tuwo da miyar kuka ko dambun zogale ba wanda zai manna ma takarda. Ostareliya taurari suke sawa daga rabi zuwa biyar, Cile kuma baƙin tambari ne mai kusurwa takwas da ke cewa wannan sukarinsa ko gishirinsa ya yi yawa. Duka dai ba da maki ne, shi ya sa sunan da na kawo zai ɗauke su gaba ɗaya ba na Faransa kaɗai ba.

Bazawarar Sabon Gari:
Malam ɗana ya nuna mini a waya wai a lissafin nasu wanda ya tara lamba da yawa shi ne mara kyau, A shi ke da lamba kaɗan. To ba za a ruɗe ba? Mu mun san mai maki da yawa shi ya ci. Me zai hana a ce "ajin abinci", wannan aji A wancan aji D.

Yar Zongo:
Yaya aji ma an riga an kama shi, shi muke faɗa in muna koya ma mata kayan abinci masu gina jiki da masu ba da ƙarfi da masu kare jiki. Lambobin da ɗanki ya gani kuma ba a buga su a kwali, a ofis suke tsayawa, mai saye launi da harafi kawai yake gani.

Autan Fada:
Alhaji da ka ce maki na ƴan boko ne, ka zo gidan kallon bal ran Asabar ka ji yadda ɗan kabu-kabun da bai taɓa shiga lakol ba yake lissafin maki uku

Ɗan Birni:
To na gode ƙwarai. Na ɗauki makin Malam na haɗa da cimakar Alhaji tunda ita bakinmu ya fi sabawa da ita a nan, ran Lahadi zan ce "makin cimaka", in na zo misali in ce wannan ya ci tsanwa wancan ya ci ja, kuma zan fara da igiyar damtse kamar yadda Hajiya ta ce. Na koma na duba biskit ɗin Goggo, D ne ashe, kuma yara sun riga sun gama da shi tun shekaranjiya. Auta in kana da kredi ka bugo waya cikin shirin ka yi tambayar shayin nan da bakinka.