Shawarwarin da aka tattara kan fulawar cikin ɗaki

Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne, yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe fulawa, saiwa ce ke ruɓewa ganye ya yi rawaya kai kuma ka ɗauka ƙishi ne ka ƙara zuba mata. Ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna, in da danshi ƙyale ta. Tukunya dole ta kasance da huji a gindi, ƙasar kuma a haɗa da yashi da tsohon taki, ɗanyen kashin kaji ƙona fulawar zai yi. A ajiye kusa da taga amma ba inda ranar azahar ke duka ba. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Masu mantuwa irina kuwa, an ce mu fara da aloe vera, wata shuka mai kaurin ganye da ke jure ƙishi.