Kaji Suna Caccakar 'Yar Uwarsu

Tambaya: Jama'a, tun da na ƙaro sabuwar kaza a akurki, tsofaffin suke caccakarta, sun fige mata gashin wuya, kuma da zarar ta nufi mazubin abinci sai babbarsu ta kore ta. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, kaji suna da tsarin fifiko a tsakaninsu, saboda haka ɗan sara na kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma idan jini ya fito, ki ware ta nan take har raunin ya warke, domin ganin ja yana ƙara tunzura sauran. Bayan haka ki ajiye ta a bayan ragar waya na mako guda, suna ganin juna ba tare da taɓawa ba.

Amsa: A ganina cunkoso ne ya fi haddasa wannan. Ki ƙara mazubin abinci da na ruwa nesa da juna, kuma ki tabbatar abincinsu yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar kashi 16 cikin 100.

Amsa: Idan kaza ɗaya ce ke jagorantar cin zalin, ita za ki killace na 'yan kwanaki, domin sau da yawa takan dawo a sanyaye.