Dan Allah wa ya san karatun lafiyar yara a Bangladesh?

Nas ɗin Yara:
Salamu alaikum jama'ar gida, shawara nake nema. Ni nas ce ina da digiri, ina aiki a ɗakin yara a wani asibitin gwamnati, na daɗe ina son ƙaro karatu in yi mastas a lafiyar al'umma in fi karkata wajen yara da tamowa. Na nemi Ingila har sun ba ni gurbi amma kuɗin da suka rubuto ko gidanmu aka sayar ba zai biya ba, kun dai san yadda naira ta koma. Sai wani likita a wajen aikinmu ya ce in duba makarantar ƙungiyar agaji ta BRAC da ke Dhaka, babban birnin Bangladesh. Da na faɗa a gida yayana dariya ya yi, wai ki bar Najeriya ki tafi ƙasar da ita ma fama take da kanta, me za su koya miki? Maigidana bai hana ba amma na ga jikinsa ya yi sanyi. Akwai wanda ya taɓa zuwa? Takardarsu tana da daraja kuwa?

Baƙon Dhaka:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni can na yi nawa, ki gaida yayanki ki ce masa ruwan gishiri da sukarin nan da kuke ba yara kullum in suna gudawa, a Dhaka da Kalkata ta Indiya aka yi binciken da ya tabbatar da shi. Cibiyar binciken gudawa ta Dhaka da ake kira icddr,b tun 1960 take, ta fara ne a matsayin wajen binciken kwalara, kuma asibitinsu har yau kyauta suke duba masu amai da gudawa. In kin shiga za ki ga gadaje jere, kowanne da huda a tsakiya da bokiti a ƙasa mai alamar awo, ruwan da ya fita jikin yaro a auna a mayar masa daidai, shi ke nan fa, babu wata na'ura mai tsada. Lokacin annoba har rumfa suke kafawa a harabar asibitin.

Abin da ya fi burge ni aikin BRAC ne daga 1980, da suka tura mata gida gida suna koya wa iyaye haɗa ruwan da kansu, gishiri ɗan abin da yatsa uku za su ɗauka, mazarƙwaila cikin tafin hannu, a rabin lita na ruwa. Kuma kuɗin mai koyarwar ya danganta ne da ko uwar ta riƙe abin da aka koya mata, don daga baya ana bin sawu a tambaye ta a sa ta haɗa a gani. Ke da kike ɗakin yara kin san sau nawa kike yi wa uwa bayani ta ce to, sati ya zagayo ta dawo da yaro ido ya faɗa. Akwai kuma Dakta Jobayer Chisti da ya haɗa abin taimakon numfashi da robar sabulun wanke gashi da 'yar tiyo don yara masu nimoniya. A 1990 yaran Bangladesh sama da 140 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara 5, yanzu wajen 30 ne, mu kuwa har yau muna sama da 100. To waye zai koya wa wani? Karatun shekara ɗaya ne kuma da Turanci ake yi, ana fita ƙauye sosai ba zaman aji kaɗai ba.

Baba Likita:
Malam bai yi ƙarya ba amma ya faɗi rabi ya bar rabi. 'Yata, ki tsaya ki duba me ke cika miki gadaje daga watan Agusta zuwa Oktoba. Zazzaɓin cizon sauro ne da ƙarancin jini da yara masu sikila. A Bangladesh maleriya sai can yankin tsaunukan Chittagong, sikila kuwa ba ciwonsu ba ne, za ki iya gama karatun ba ki ga yaro ɗaya da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba. Maganin da ake bi gida gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ai a ƙasashenmu na Sahel aka gwada shi. Haka maganar tamowa, a sallami yaro da kunshin Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na masu tamowa, uwarsa ta riƙa ba shi a gida maimakon a kwantar da shi, a nan Maraɗi aka yi shi da yawan gaske lokacin yunwar 2005. Ni da zan zaɓa miki sai in ce ki leƙa jami'ar Makerere a Uganda ko Malawi, cututtukansu sun fi kama da namu.

Sannan ki sani wannan takardar ba ta ba ki lasisin duba mara lafiya, ta tsara aiki ce da bincike. Kuma kafin ki biya ko sisi ki je ma'aikatar ilimi ta tarayya ki tabbatar za su tantance ta, kin ga yadda gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a 2024.

Maman Biyu:
Anti ni ba likita ba ce, mijina na bi da aiki ya kai shi can. Wajen addini ba ki da matsala, kiran sallah ta ko'ina, Juma'a ma hutu ce, hijabinki ba wanda zai kalle ki. Amma wallahi cunkoso sai wanda ya gani, 'yar tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ki shafe awa biyu cikin koren adaidaitansu ga zafi ga hon. Abinci shinkafa da kifi da miyar wake safe da dare, ki tafi da yajinki da kuka da daddawa. Ki riƙe gidan sauro ko da rana don zazzaɓin dengi ya kashe mutum fiye da 1,700 a 2023. Iyayen yaran a ƙauye Bangla kawai suke ji, sai da tafinta. Kuma ki ajiye kuɗin tikitin dawowa gefe kar ki taɓa, a 2024 da aka yi zanga-zangar da ta kori firaministarsu Sheikh Hasina makarantu aka rufe aka yanke intanet, 'yan gida hankalinsu ya tashi ba su jin mu. In da goyo a bayanki gaskiya ki yi tunani da kyau.

Baƙon Dhaka:
Baba na yarda da maganar maleriya. Sai dai ita ai ta san maleriya tun tana ɗaliba, yadda ake kai abu ga uwa a ƙauyen da babu likita shi ne abin da za ta ɗebo a can.

Nas ɗin Yara:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba zan je ma'aikatar in tambaya, zan kuma duba Makerere ɗin in haɗa kuɗin biyun in gani. Maman Biyu na yaye autana, kakarsa za ta riƙe shi. Malam dan Allah tallafin karatu fa, tare da fom ake nema ko sai sun ɗauke ka tukuna? Kuma bizar a Abuja ake yi?